Tsutsar wake da sabon irin da ake cewa ba ta ci: amsa ga wani manomi daga Ƙauran Namoda

Wani manomi daga wajen Ƙauran Namoda ya aiko da tambaya. Ya ce bara ya samu tiya biyu ta sabon irin waken nan da ake cewa tsutsa ba ta ci, ya shuka shi gefe guda, na gida a ɗaya gefen. Tsutsa kam ta ragu sosai a sabon, amma duk da haka ya tarar da kwanso da yawa sun motse sun bushe ba ƙwaya a ciki. Ga maƙwabcinsa kuma yana ce masa guba aka dasa a cikin waken, abin da ya kashe tsutsa ba zai ƙyale mutum ba. Yana son ya san abin da ke kashe tsutsar, ko yana taɓa mai ci, da kuma ko ba za ta saba da shi ba kamar yadda ta saba da maganin feshi.

Malam, Allah ya yi wa noma albarka. Kafin mu je ga maganin, bari mu san wadda ake yi dominta, don rabin amsarka yana cikin yadda take rayuwa.

In wake ya fara fure, ka shiga gona da sassafe raɓa ba ta bushe ba, ka tsinko furen da ka ga ya ɗan yi laushi ko ya manne da ɗan'uwansa, ka tsaga shi da farce. Sau da yawa za ka tarar da 'yar tsutsa fara-fara, mai baƙin kai, da ɗigo-ɗigo masu duhu jere a bayanta, gaɓa bayan gaɓa. Kusa da ita akwai ɗan gari-gari mai ɗanko, kashinta ke nan, da wani siririn zare kamar yanar gizo-gizo. Ita ce masana ke kira Maruca vitrata. Uwarta faɗa-wuta ce ƙarama, daga dangin malam-buɗe-littafi masu yawon dare: fukafukan gaba ruwan ƙasa da tabo fari, na baya farare da baki mai duhu. Da rana tana laɓe ƙarƙashin ganye, sai ka girgiza yabanya ka ga ta tashi ta sake faɗawa 'yan taku kaɗan gaba. Mafi yawan manoma sun sha ganinta, ba su dai haɗa ta da tsutsar ba.

Da dare take zuba ƙwai, ɗaya-ɗaya ko 'yan kaɗan wuri guda, a kan tohon fure da furen kansa. Mace ɗaya tana iya yin sama da ɗari. Kwana 2 zuwa 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, kuma ba ya ɓata lokaci a waje, nan take yake kutsawa cikin fure. Tsutsar tana saɓa sau huɗu, wato tana bi ta matakai biyar, cikin kamar mako ɗaya zuwa biyu. Tana ƙarama fure take ci, ta gama da wannan ta koma wancan cikin dare. Da ta yi ƙarfi sai ta koma kan kwanso. Ka lura da inda take hudawa: kusan kullum inda kwanso ya taɓa wani kwanso, ko ya taɓa ganye ko reshe. Sai ta ɗinke wurin da zarenta, ta yi ƙofa, ta shiga ta zauna kan ƙwaya. In ta ƙoshi ta sauko ƙasa, ta naɗe kanta cikin busasshen ganye, bayan kamar mako guda sabuwar faɗa-wuta ta fito. Daga ƙwai zuwa ƙwai bai fi mako uku zuwa biyar ba, gwargwadon zafi. Shi ya sa a gona ɗaya kake samun uwa da 'ya da jika duk a damina guda, kuma inda ta yi yawa asarar tana kai wa daga kashi 20 har kashi 80 cikin ɗari.

Nan ne feshi yake ba mutane kunya. Maganin yana sauka a bayan ganye da bayan kwanso, ita kuwa tana ciki ta rufe ƙofa. Manomi ya ga bai yi ba, ya ƙara murfi ɗaya a famfo, ya koma bayan kwana biyar. Haka ake kai wa feshi shida, bakwai, takwas a kan wake guda.

Akwai wani hali nata da ya bambanta ta da tsutsar karan dawa, kuma za mu dawo kansa in mun zo maganar sabo. Tsutsar kara, wadda ake kira Busseola fusca, in kaka ta yi sai ta kwanta cikin busasshen kara ta yi barci duk tsawon rani. Karan da ka jingine a bayan gida, da wanda ka yi danni da shi, shi ne masaukinta, ruwan farko na sauka ta farka. Tsutsar wake ba ta iya wannan barcin. Dole ta samu ɗanyen fure na dangin wake duk shekara, in ba haka ba ta mutu. A nan Zamfara daga hunturu zuwa bazara babu wannan. Don haka zuriyarta tana yin rani ne can kudu, inda itatuwa da ciyayin daji 'yan dangin wake ke fure a lokuta daban-daban, sannan in iskar damina ta juyo arewa ta biyo ta, zango-zango, har ta iso mana. Baƙuwa ce, ci-rani take yi a juye. Wannan ne dalilin da ya sa waken da ya yi fure a makare yakan fi shan wuya, yana buɗe fure daidai lokacin da baƙin suka gama taruwa suka hayayyafa.

To, maganin. Ba daga masana'anta ya samo asali ba. Wata bakteriya ce da ke zaune cikin ƙasa, har da ƙasar gonarka, sunanta Bacillus thuringiensis, ana taƙaita shi Bt. A 1901 wani masani a Japan, Ishiwata, ya gano ta tana kashe tsutsar siliki. A 1911 wani Bajamushe, Ernst Berliner, ya sake samunta cikin tsutsar da ke ɓata garin alkama a yankin Thuringia, daga nan sunan ya fito. A 1938 aka fara sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi, kuma har yau masu noman da ba sa yarda da maganin kemikal ita suke fesawa.

In abinci ya ƙare wa wannan bakteriya, takan dunƙule ta zama ƙwayar iri mai jure fari, a gefenta kuma ta ajiye wani ɗan dunƙulen furotin mai kama da ƙwayar gishiri. Wannan furotin ɗin, da ake kira Cry, shi ne makamin. A kan ganye ba ya komai. In ya taɓa jikin tsutsa daga waje ma ba ya komai, sai ta haɗiye shi. Hanjin tsutsa irin ta faɗa-wuta ba kamar cikinmu yake ba. Namu tsami ne mai ƙarfi, nata kuwa ruwan kanwa ne, a ma'aunin da masana ke auna tsami da kanwa, wanda ƙaramar lamba ke nufin tsami, yana kai 9 zuwa 10 ko fiye, namu yana wajen 2. A cikin wannan ruwan kanwar dunƙulen yake narkewa. Sai sinadaran narkar da abinci na tsutsar da kansu su datse furotin ɗin, su yar da kusan rabinsa, su bar ɓangaren da ke aiki. Da hannunta take zare wuƙar daga kube.

Ko a nan ma bai gama ba. A bangon hanjinta akwai wasu ƙananan maƙalai da furotin ɗin ke kamawa, sun dace da shi kamar kwado da makullinsa. Da ya kama, sai guda-guda su haɗu su huda bangon ƙwayar halittar, su yi ƙofa. Ruwa da gishiri su kwarara ciki, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Dubbai suna fashewa haka lokaci ɗaya. Cikin 'yan sa'o'i tsutsar ta daina ci, abin da ke cikin hanji ya malala cikin jininta, ƙwayoyin cuta su bi, bayan kwana ɗaya zuwa uku ta mutu. In ka taɓa samun wadda ta mutu haka za ka ga ta yi laushi ta yi duhu ta yanƙwane, ba irin mutuwar feshi ba da take murɗe-murɗe.

Yanzu ga maƙwabcinka. Tambayarsa ba ta wauta ba ce, duk wanda ya ga abin da fiya-fiya ke yi yana da dalilin tsoro. Amma fiya-fiya da ire-irensa jijiya suke kamawa, kuma jijiyar ƙwaro da ta mutum aikinsu iri ɗaya ne, shi ya sa suke taɓa kowa. Wannan furotin kuwa sai ya samu kwadonsa, kuma hanjin mutum da na akuya da na kaza ba su da shi. In ya shiga cikinmu, tsami da sinadaran narkarwa suna farfasa shi kamar sauran furotin ɗin wake. Wata mata ta taɓa tare ni a wani taron manoma, ta ce tunda na ce ruwan kanwa ke narkar da shi, ita da ke dafa wake da kanwa fa? Na ji daɗin tambayar, don ta kama ni inda na sauƙaƙa magana fiye da kima. Gaskiyar ita ce a cikin shuka furotin ɗin ba dunƙule ba ne, a narke yake tun farko. Saboda haka abin da ke kare mutum ba rashin kanwa ba ne, rashin maƙalan nan ne a hanjinsa. Sannan tafasa tana lalata siffarsa kamar yadda take sandarar da farin ƙwai, makullin da ya lanƙwashe kuwa ba ya buɗe komai. Zaɓensa ya kai har tsakanin ƙwari: wani jinsin Bt ɗin da ke kashe tsutsar sauro a ruwa bai dami tsutsar wake ba, na tsutsar wake kuma bai dami sauro ba.

Ni abin da ya fi tsorata ni a kan waken da muke ci shi ne wanda ake barbaɗa wa magani a buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar dichlorvos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Waken da suka ƙi, mu muka ci irinsa a ƙosai da alale.

Irin da ka shuka, in na gaskiya ne, sunansa SAMPEA 20-T. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ita ta fitar da shi tare da gidauniyar fasahar aikin gona ta Afirka, AATF, da masana daga Ostareliya. Hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayar gado a Najeriya, ta ba da izini a farkon 2019, a watan Disambar shekarar aka yi masa rajista a matsayin iri. Abin da aka yi shi ne an ɗauko ƙwayar gadon da ke sa bakteriyar ta ƙera furotin guda ɗaya, Cry1Ab, aka sa ta cikin wake, don shukar ta riƙa yin sa da kanta a ganye da fure da kwanso. Hikimar tana ga abin da na faɗa ɗazu. Bt na feshi rana tana kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ba ya bin tsutsa cikin fure. Na cikin shuka kuwa yana jiranta a lomar farko, tana jaririya, lokacin da ɗan kaɗan ya ishe ta. Babbar tsutsa tana jure abin da zai kashe ƙarama nan take.

Kwanson da ka ga ya motse, ina kyautata zaton ba aikinta ba ne. Ka duba in ka sake gani. In tsutsa ce, za ka ga huda, da kashi a bakin hudar, da zare. In kwanson ya shanye ya murɗe ba huda ba kashi, ƙwayar ciki ta tsotse ta yi baƙi, to ƙwarin nan ne masu tsotso, masu ƙaya a kafaɗa, waɗanda in ka kama suke bar maka wari a hannu. Da dogon baki kamar allura suke sha, ba sa tauna, kuma furotin ɗin ba nasu ba ne. Haka in fure yana kakkaɓewa tun bai buɗe ba, ka tsaga ka ga wasu baƙaƙen ƙwari sirara suna gudu, su ma bai shafe su ba. Darɓa ma haka. Don haka masu irin ba su ce a jingine famfo ba, cewa suka yi feshi ya sauko zuwa biyu: ɗaya lokacin da fure ke fitowa, ɗaya lokacin da kwanso ke cika. Inda aka samu matsala shi ne a kasuwa, maganar ta koma "waken da ƙwari ba sa ci", mutane suka shuka suka tafi. Ƙwaron da ke huda wake a rumbu ma yana nan daram, maganinsa buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga.

Saura tambayarka ta ƙarshe, kuma ita ce mai nauyi. E, tsutsar tana iya sabawa da shi. Amma ba yadda mutum ke saba da yaji ba. Tsutsa ɗaya ba ta koyon jurewa. Abin da ke faruwa shi ne cikin dubban dubbai akwai 'yan ƙalilan da aka haifa da kwadon da ya ɗan sauya, makullin ba ya kama su da kyau. Da can wannan bai ba su wani fifiko ba. Ranar da gonaki suka cika da furotin ɗin, sauran suka mutu, sai su kaɗai suka rage, suka auri juna, 'ya'yansu suka gaji halin. Ga ƙwaron da ke jika cikin wata biyu, ba sai an jira shekara ɗari ba.

An gani a fili. A Afirka ta Kudu an fara noman masara mai Cry1Ab, furotin ɗin da ke cikin wakenka, a 1998, don maganin tsutsar kara Busseola, wannan dai da ke cin dawarmu. Zuwa 2007 aka ba da rahoton tana cin masarar tana rayuwa, a yankin noman ban-ruwa na Vaalharts da kewaye. An shar'anta wa manoma su bar kashi 5 na gona da masarar da ba ta da furotin ɗin ba tare da feshi ba, ko kashi 20 in za su fesa, da yawa ba su yi ba a shekarun farko. Daga baya kuma bincike ya nuna jurewar wannan tsutsa mai rinjaye ce a gado, ko daga uwa kaɗai ko uba kaɗai ta zo ta isa. A Indiya ma jar tsutsar auduga ta karya furotin na farko, aka kawo iri mai furotin biyu, bayan wasu shekaru shi ma ta karya shi.

Barin wani yanki da irin da ba shi da furotin, ga mai kallo daga nesa, kamar ciyar da ɓarawo ne. Ga dalilinsa. Kowace faɗa-wuta tana gadon kwadonta daga ɓangare biyu, uwa da uba. A mafi yawan lokuta sai ta gaji sauyayyen daga duka biyun take tsira. In ta gaji ɗaya sauyayye ɗaya na asali, kuma furotin ɗin da ke cikin shukar yana da yawa, mutuwa za ta yi. To in wata mai jurewa ta fito daga gonarka, wa za ta samu? In duk unguwar irin nan ne, sai 'yar'uwarta mai jurewa, auren zumunci ke nan, kuma zuriyar duk masu jurewa ce. In kuwa kusa akwai waken gida da ke fitar da ɗaruruwan da ba su da wannan hali, da bare za ta haɗu, 'ya'yan su fito ruwa biyu, su ci sabon wake su mutu. Gefen da ka shuka na gida bara, ba da saninka ba, aikin da ya yi ke nan.

Mu a nan muna da wani rufin asiri da manoman Vaalharts ba su samu ba, shi ne wancan rashin barcin. Busseola mai jurewa tana kwana cikin kara a gonar, baɗi 'ya'yanta su tashi a gonar. Maruca da ta tsira a gonarka a watan Oktoba, in hunturu ya busar da komai, mafi yawan zuriyarta ba ta kai wa baɗi. Waɗanda za su zo da sabuwar damina daga itatuwan dajin kudu suke, ba su taɓa ɗanɗana furotin ɗin ba. Masu lissafin yaɗuwar gado sun nuna cewa in a arewa ake noma irin, jurewa za ta yi jinkiri ƙwarai, haɗarin yana ƙaruwa ne in ya mamaye kudu inda take zama duk shekara. Sai dai ni ban cika sakin jiki da wannan ba. Duk inda ruwa ke ba wake damar yin fure da rani, kamar fadamu da filayen Bakolori a Talata Mafara, akwai yiwuwar a gina mata gadar da za ta tsallake rani a kai. In zan ba da shawara ga mai waken rani, ba sai ya nace wa wannan irin ba, tunda a lokacin tsutsar ba ita ce babbar damuwarsa ba. Kuma furotin ɗaya tilo ne a ciki. Ana aikin ƙara masa na biyu, Cry2Ab, mai kama wani kwado daban, don tsutsar da ta kuɓuce wa ɗaya ta faɗa hannun ɗayan. Kafin ya iso hannun manoma, wannan ɗayan ne a hannu.

Game da ajiye iri, wake yana barbarar kansa ne, kuma wannan ba irin haɗi ba ne kamar wasu masarar kamfani, don haka abin da ka ajiye zai fito da halinsa. Inda ake ɓata shi a masussuka ne da wurin awo. In ya gauraye da na gida a rami ɗaya, tsutsa za ta yi ƙuruciyarta a kan wanda ba shi da furotin, ta yi ƙarfi, sannan ta tsallaka reshe zuwa mai furotin, ta ci abin da bai isa ya kashe ta ba. Wannan ya fi komai taimaka wa masu rabin jurewa. Ka ware su: na gida a yankinsa, sabo a yankinsa, sussuka daban, buhu daban, kuma bayan 'yan shekaru ka sabunta daga wurin da aka tabbatar da irinsa, ba daga faranti a bakin kasuwa ba. Da ido ba a gane shi, farin wake ne kamar sauran.

Bana in ya yi fure, ka riƙa tsinko kamar ashirin daga wurare daban-daban sau ɗaya a mako kana tsagawa. Samun jarirai, wasu ma matattu, ba komai ba ne, ai sai sun ci suke mutuwa. Abin da za ka sa wa ido shi ne manya, masu tsawon gaɓar yatsa, ƙosassu, a cikin kwanson sabon irin, kuma ba a kan shuka ɗaya ko biyu ba. In ka ga haka kada ka yar. Ka zuba su a kwalba da 'yan furanni, ka huda murfin, ka tsinko ganyen shukar da ka same su a kai, ka kai wa malamin gona ya tura wa masu bincike. Suna da ɗan tsinken gwaji irin na zazzaɓin cizon sauro, ana murje ganyen a ruwa a tsoma, cikin 'yan mintoci ya nuna ko shukar tana da furotin ɗin. In babu, iri aka gauraya maka ko aka sayar maka da na bogi. In akwai, kuma ga tsutsa tana raye, to a Samaru za su so su ga wannan kwalbar tun kafin ta zama faɗa-wuta.